Awa ɗaya zuwa Yamai

Me ke mayar da mutum matafiyi, nisan hanya ko wahalarta? Raƙiya ba ta san amsar ba. Abin da ta sani, mahaifinta Malam Muktari na da ciwon suga, yau goma sha biyu ga azumi, kuma gobe da safe likitan ƙoda na jiransa a Yamai. Wata huɗu suka yi suna neman wannan randebu, ranar ganin likitan.

Tun daga Bambeye suke wannan gardama, har suka zauna a filin jirgin Tawa.

"Baba, kusan kilomita ɗari huɗu ne ko ta sama. Limaminku da kansa ya ce ka sha azumin."

"Liman bai taɓa shiga jirgi ba. Ke kika ce awa ɗaya."

"Awa ɗaya ne."

"To mi ya kai awa ɗaya cikin tafiya? Zuwa kasuwar Barmou da jaki ya fi haka, ban taɓa shan azumi ba. Nisan nan jirgi zai yi shi, ni ina zaune bisa kujera mai laushi."

"To ciwon fa?"

"Wa ya ce miki ina ciwo?"

Shekara tara tana jinyar mutane a asibiti, ba wanda ya taɓa ƙure ta kamar tsohon nan. Abin da ya fi ba ta haushi, ta kasa cewa bai da hujja. A lokacin da yake kai shanu kudu a ƙafa, kwana ashirin, da azuminsa yake yi.

Jirgin ƙarfe goma bai sauka ba sai azahar. Leɓen Malam ya bushe. Da aka kira fasinja ya miƙe, sai ya yi tangaɗi ya dafa bango.

Ma'aikacin da ke duba tikiti ya tare su. "Hajiya, ba mu ɗaukar mutum a haka. In ya faɗi a sama fa?"

Raƙiya ta ɗauki jakarsu. Muryarta ta fito a sanyaye saboda tsabar takaici.

"Shi ke nan, Baba, tashi mu tafi tasha. Mota sai gobe da asuba, awa tara ko goma ana jijjiga ka. Wannan dai tafiya ce, ko? Sai ka sha ruwanka da hujja. Likita kuma sai bayan Babbar Salla, in ƙodar ta jira."

Malam ya dubi jirgin ta taga, ya dubi ɗiyarsa, wadda ita ma ba ta sa komai a baki ba tun sahur.

"Har yanzu awa ɗaya ba tafiya ba ce," ya ce.

"Na ji."

"Miƙo gorar ruwan."

Ya yi bisimilla, ya sha rabi, ya karɓi dabino biyu daga hannunta.