Fitilar da Take Kallon Sama

Rabe direba ne, ɗan direba. Mahaifinsa ya ja babbar mota tsakanin Kano da Nguru har lokacin da dundumi ya kama shi. Da rana tsohon yana iya tsintar allura a ƙasa, amma rana na faɗuwa sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci. An ɗura masa gasasshiyar hanta har ya tsani warinta, domin ita aka ce magani ce, ba ta yi komai ba. Ya ajiye makulli, ya koma zaman ƙofar gida yana kallon motocin wasu har Allah ya karɓi abinsa. Rabe bai taɓa mance wannan zaman ba.

Shi ya sa a daminar 1998, da hanyar Nguru zuwa Gashua ta fara ɓace masa, ya ja bakinsa ya yi gum.

Fijo a-kori-kura ce da shi, fara, ta sha duniya amma injinta garau. Ranar kasuwa yakan loda mata buhunan gero da gishiri da kwalayen sabulu har ta durƙusa, ya tashi da yamma liƙis, duhu ya riske shi a hanya. Wanda bai san hanyar nan da damina ba, bai san wuya ba. Ruwan fadama ne dama da hagu, kwalta ta jiƙe ta yi baƙi wuluk, ga wani farin hazo da ke tasowa daga ruwan ya kwanta a kan titi. Da can Rabe yana ratsa wannan yana hira da fasinja. Bana kuwa in ya kunna fitila, fari kawai yake gani a gabansa, titin kuma babu.

Ya faɗa ramin da ya sani tun yana koyon tuƙi. Ya wuce kwanar da ko a mafarki ba ya kuskure ta. Sai wata ranar kasuwa, dab da Jajimaji, saura ƙiris ya kwashi garken shanu. Bai gan su ba sai da ƙaho ya goge masa madubi, makiyayin ya bi shi da sanda yana surfa masa zagi da Fillanci.

Hajiya Fanne, mai yawancin kayan da ke baya, tana zaune a gefensa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Kai Rabe, barci kake yi?"

"Wallahi idona biyu, Hajiya."

"To me kake kallo da su?"

Rabe ya mayar da ido kan hanya. Ya riƙa ganin kansa a kan tabarmar ƙofar gida, kamar mahaifinsa.

A gida ma bai ce uffan ba, sai dai matarsa Larai ba yarinya ba ce. Ta ga yadda yake tsayawa a tsakar gida bayan isha'i yana ƙura wa bakin rijiya ido, yana rufe ɗaya yana buɗe ɗaya. Ba ta tambaye shi ba. Kawai sai hanta ta fara bayyana a gefen tuwonsa, yau hanta, gobe hanta.

"Araha ta yi ne a wurin mahauta, Malam," in ji ta, tana kallon wani wurin.

Ya gane ta gane. Ya riƙa ci yana haɗiyewa da ƙyar, tausayinta da na kansa suna cin ransa.

A wannan zamanin direbobin tasha sun shiga wani yayi: kowa ya je ya jera manyan fitilu a kan rufin mota, ya riƙa kashe wa na gaba ido yana jin shi wani ne. Rabe ya ce bari shi ma ya gwada, ko ƙarin haske zai saya masa wata damina. Ya nufi wurin Baba Dunoma mai gyaran wayar mota, can bayan tashar jirgin ƙasa, jikin wani tsohon siton gyaɗa.

Dunoma gajeren tsoho ne, Babarbare, wanda ya tashi a cikin kwalekwalen masunta kafin ya kama waya. Ba ya da allo a ƙofar rumfarsa, ba ya kuma sauri don kowa. Mutum ne mai ban haushi in kana gaggawa, mai shiga rai in ka zauna ka kalli hannunsa.

"Wushe, ɗan Malam," ya gaishe shi da Barbarci. "Me ya sami farar?"

"Baba, fitilu nake so ka ɗora mini a sama. Manya, irin na sauran direbobin tasha."

"A'a."

Haka kawai, a'a. Ya zagaya motar yana taɓa ta nan da can. Ya danna bayanta da hannu, ya saki, ya sake dannawa. Sannan ya ce Rabe ya juya hancinta ya fuskanci bangon sito, su yi sallar magariba tukuna.

Da suka idar, duhu ya fara shiga, hadari kuma ya haɗo ta gabas. Dunoma ya ce, "Kunna."

Rabe ya kunna. Haske ya sauka a bango daidai ƙugun mutum, gefe da gefe, ba karkata. Ba shi da ƙarfi sosai, amma yana inda ya kamata. Gaban Rabe ya faɗi. In fitila lafiya take, to ai an san abin da ba shi da lafiya. Ya kai hannu zai kashe.

"Bar ta," in ji Dunoma. Ya juya wajen teburin mai shayi da ke tsallake ya ɗaga murya: "Jama'a, ku taimaka ku hau bayan motar nan. Alhaji Abbo, har da kai. Kai ma nake nema musamman."

Aka kwashe da dariya, domin Alhaji Abbo dillalin hatsi shi kaɗai ya kai buhu biyu. Ya taso yana mita yana riƙe da kofinsa. Mutane suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya.

"Kar ka kalle su," Dunoma ya ce wa Rabe. "Kalli bango."

Mutum na farko ya hau, hasken ya ɗan motsa. Na biyu ya hau, ya tashi zuwa ƙirji. Kowa ya hau sai bayan motar ya ƙara nutsewa, hancinta ya ƙara ɗagawa, hasken yana ta hawa bango. Da aka turo Alhaji Abbo ya zauna daɓas, sai hasken ya tsallake rufin sito gaba ɗaya ya faɗa cikin darbejiya, tsuntsayen da suka kwanta suka tashi fir. Ƙasan gaban motar kuwa duhu ne ƙirin.

Dunoma ya juyo wurin Rabe.

"Wa ya daidaita maka fitilar nan?"

"Ni ne, Baba. A tasha, farkon damina."

"Mota ba kaya?"

"Ba kaya."

"Kai kuma ba ka taɓa shiga duhu ba sai da kaya. Sifirin ɗin da ke ɗauke da bayan motarka ya gaji. Duk daminar nan sama kake haskawa, ɗan Malam. Mala'iku sun gode, amma su ba sa bin kwalta."

Na bayan mota suka sake fashewa da dariya. Rabe bai yi ba. Dunoma ya lura, ya jawo shi gefe inda ba mai ji, ya rage murya.

"Na san abin da ya kawo ka. Babanka ma nan ya zo. Na canza masa ƙwan fitila, na canza masa waya, na yi duk abin da na iya. A ƙarshe na ce masa, Malam, ba fitilar ba ce. Ya yi fushi da ni har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da irin nasa ne da kai, da yanzu na faɗa maka, ka yi fushin kai ma. Naka na mota ne."

Rabe ya sunkuyar da kai. Da wani ne ya faɗa, da ya ce lallashi ne. Amma mutumin da ya iya kallon mahaifinsa ya gaya masa waccan maganar, ba zai yi masa ƙarya a wannan ba.

Ya so a gyara nan take, tunda ga mutane a sama. Dunoma ya ƙi. "Mutum yana motsi, buhu ba ya yi. Je ka a ƙara maka ƙarfe a sifirin ɗin. Ranar kasuwa ka loda kayanka yadda ka saba, ka biyo ta nan."

Ranar kuwa Rabe ya ga aiki. Tsohon ya kwance fitilun biyu, ya zubar da ruwan da ya taru a ciki, ya goge kwanon da ke mayar da haske da tsumma mai laushi, a hankali kamar mai wanke jariri. Ya kankare tsatsar da ta ci bakin wayoyi har ƙarfe ya yi fari, sai ga hasken ya ƙaru ba tare da an sayi sabon ƙwai ba. Ya yanko robar tsohon tayar keke ya toshe duk inda ruwa ke shiga. Ya ja layi da gawayi a bango, ya riƙa murɗa sukurori kaɗan-kaɗan har hasken ya kwanta ƙarƙashin layin. Sannan ya ɗauko wasu ƙananan fitilu biyu masu ruwan ɗorawa ya ɗaure su can ƙasan bamba, dab da ƙasa.

"Baba, a nan ai kwaɗi za su haska."

"A kwalekwale, in hazo ya sauka ka ɗaga fitila sama, fuskarka kawai za ka gani. Ƙasa muke yi da ita, dab da ruwa. Hazo ba ya taɓa ƙasa sosai, akwai 'yar kafa a ƙarƙashinsa. Ta nan za ka leƙa."

Hajiya Fanne tana gaban mota tana ta tsaki, wai an ɓata mata lokaci. Ba su yi nisa da Nguru ba ruwa ya kece. Da ya tsagaita, hazon ya taso kamar kullum, fari fat. Rabe ya kunna na ƙasan.

Titi ya fito. Ga bakin kwalta, ga ciyawa, ga ramin nan nasa yana ƙyalli da ruwa tun daga nesa, ya kauce masa cikin sauƙi. Dab da Jajimaji ya hango ƙafafu, ƙafafun shanu birjik suna tsallaka hanya. Ya taka birki a natse, ya tsaya da sauran fili mai yawa. Makiyayin nan ne dai na rannan. Ya zo wucewa ta gaban mota, ya dubi Rabe, ya ɗaga masa sanda, wannan karon gaisuwa ce.

"Ikon Allah," in ji Hajiya. "Ni ban ma gan su ba. Kai Rabe, kuka kake yi?"

"Ruwa ne ya shigo ta taga, Hajiya."

Taga kuwa a rufe take.

A Gashua ya kwana, ya dawo Nguru da hantsi. Larai ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye kwano, ta ajiye ɗan faranti a gefe, ta juya za ta koma madafa ba tare da ta kalle shi ba. Ya buɗe farantin. Hanta ce.

"Larai."

Ta tsaya.

"Ki ba yara wannan. Gobe kuma ki yi mana miyar kifi."

Ta juyo ta dube shi, ta daɗe tana duban idanunsa. Sai ta durƙusa ta ɗauki farantin, ta ce, "Dama tsada take yi, Malam."