Amalanken Farko na Inna Bilki

"Ba inda za ni sai an kwashe takin nan," in ji Baba Dogo, maƙwabcinmu, yana kwance bisa tabarma a inuwar rumbu.

Motar da za ta kai shi asibitin Maraɗi na ƙofar gida. Ɗansa Hamza ya durƙusa yana lallashi. Ni kuwa na shigo aron turmi ne, na kasa fita.

"Baba, kashin shanu ne fa. Ba gudu zai yi ba."

"Hadari ya fara haɗuwa gabas. Ruwa ya sauka, rabinsa ya bi kwararo ya faɗa tabki. Masunta su zage ni, gonar uwarka ta kwana da yunwa."

Duk rani yake tara shi a bayan turke, yana haɗawa da toka da ragowar karan da dabbobi suka tattake, yana juyawa har ya nuna ya daina wari. Mazan unguwarmu gandu suke fara kai wa taki, in ya ragu a jefa wa mata. Shi kam tun aurensu amalanken farko na gamanar matarsa Inna Bilki ne, ƴar gonar da ya yanka mata. Na karanta littattafan soyayya da yawa, ban ga irin wannan ba.

"Malam, ka tashi ka tafi," in ji Inna Bilki tana yi masa fifita. "Matan mutane atamfa ake kawo musu, ni kashi. Na yafe na bana."

"Atamfa ta taɓa ba ki wake?"

Ta yi dariya, ta juya fuska don kada ya ga idonta.

Hamza ya roƙi direba ya jira, ya ɗaura jaki. Maƙwabta suka fito da shebur da kwanduna, ni ma na ajiye turmin na ɗauki daro. Da amalanken ya cika, Baba Dogo ya ce a miƙo masa takin ya gani. Inna Bilki ta damƙo ta zuba a tafinsa. Ya murza shi, baƙi, mai laushi, ya kai hanci.

"Ya nuna. Hamza, ƙanana-ƙanana za ka zube shi, kada ka tula wuri guda."

Sai da ƙarar ƙafafun amalanken ta ɓace ya yarda aka ɗaga shi. Ba su kai garin Safo da ke kan hanya ba ya cika, kansa bisa cinyarta. Allah ya jiƙansa.

Ranar sadakar uku ruwan ya sauko. Hamza ya riga ya kwashe sauran. Da mutane suka watse na leƙa, na tarar da Inna Bilki zaune bakin ɗaki da carbi, tana kallon bayan turke. Wurin ya zama fili, sai da'irar ƙasa baƙa, kaji na tono a ciki cikin yayyafi.