Furen da Rahamatu Ta Bari

Ƙariya shuka ce da ba ta son gata. A gindin duwatsun Roni muka tashi muna ganinta, kututturenta a kumbure kamar tulu, da rani ba ganye ko ɗaya, amma sai ta fesa jan fure a lokacin da akuya ma ta rasa abin ci. Ranar da aka kai yayata Rahamatu gidan miji a Kazaure, ta yanki reshe guda ta cusa cikin kayanta. Shekara goma sha tara yana tsakar gidanta a cikin wata tsohuwar randa.

Mijinta, Yaya Haladu, noman rani yake yi a bakin dam, tumatir da albasa da latas. Mutum ne da in ya ga ƙasa a bushe hankalinsa yake tashi. Da yake ni ƙanwar matarsa ce, abokiyar wasansa, na sha ce masa da dutse yana da baki da tuni ya ɗura masa ruwa. Yaya Rahamatu ba ta taɓa barinsa ya raɓi randar nan ba.

A lokacin kaka Yaya Rahamatu ta rasu a asibiti, kwana biyu bayan an yi mata aiki a ciki. Ina jego a Roni, ko gawarta ban gani ba, kuma har yau abin yana cina.

Bayan wata uku ya kira ni a waya. "Bahijja, furen yayarki ba shi da lafiya. Don Allah ki zo ki duba min."

Ina shiga gidan na ga ta'asar. Ƙasar randar ta jiƙe sharkaf, har gansakuka ta fito a bakinta. Na danna kututturen, yatsana ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa. Raina ya yi mummunan ɓaci.

"Yaya Haladu, sau nawa kake ba ta ruwa?"

"Safe da yamma."

"Safe da yamma! Latas ce? Abu ɗaya tal da baiwar Allahn nan ta bari da hannunta, ka kashe shi da buta!"

Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, amma a lokacin haushi bai bar ni na tausaya masa ba. Na bi rassan ɗaya bayan ɗaya ina latsawa, can sama na sami guda mai tauri. Na karɓi wuƙa na yanke shi, ina kaffa-kaffa da ruwan jikinsa don dafi ne.

"Wannan zai iya rayuwa," na ce. "Ka ajiye shi a inuwa kwana bakwai, bakin yankan ya bushe. Sannan ka sami tukunya mai huda a gindi, ka zuba yashi da tsakuwa, ban da taki. Ka kafa shi a rana ka rabu da shi. Ko ka ga ya yanƙwane, kada ka ba shi ruwa sai ya fitar da toho."

Ya zauna a bakin rijiya, yana jujjuya reshen a hannunsa.

"Haka suka ce min a asibiti," ya ce a hankali. "Kada a ba yayarki ruwa sai cikin ya motsa. Gaskiyarsu ce, na sani. Kwana biyu tana cewa, Malam, ko ɗigo ɗaya ka sa min a harshe. Leɓenta duk ya tsage. Gorar tana hannuna, Bahijja, na ce ta yi haƙuri zuwa gobe."

Na durƙusa a wurin. Kunya ta kama ni, kuka ya ƙwace min.

Ya miƙo min reshen. "Tafi da shi Roni ki dasa. In yana gabana ba zan iya hana shi ruwa ba."

Na naɗe shi a gefen mayafina na yi masa sallama. Ina zaure ina neman takalmina na ji ƙarar ruwa a bayana. Na leƙa, sai ga shi tsugune gaban randar da buta, yana tsiyaya wa ruɓaɓɓen kututturen a hankali.