Ranar da Ndeye Ta Kunna Lasifika

Wani tsohon sito na atamfa Ummuhani ta share a bayan Titin Koudoukou, ta mai da shi masaukin masu fasaha. Mai zane ya zo daga Duwala ya yi wata biyu ya tafi lami lafiya. Sai ga Ndeye daga Dakar, wai ita sana'arta naɗar sauti. Sauti fa! Sati uku tana zaga kasuwa da makirfo mai gashi buzu-buzu, 'yan acaɓa na yi mata dariya.

Ranar Talata da hantsi ta fito da lasifika biyu tsakar gida, za ta gwada aikinta kafin ranar nuni. Ummuhani na wanke kofunan shayi sai ta ji garam! garam! garam! Ƙarar ƙofofin ƙarfe ce ta shaguna ana jan su ƙasa. Ashe baiwar Allah ta naɗe su ne ran Juma'a ana tafiya masallaci, ta jera su bi da bi, ta ƙure murya.

A wannan unguwa ta Kilomita Biyar kuwa ba a rufe shago da hantsi sai an ji harbi. Ko goyo ya san wannan.

Ummuhani ta daka tsalle. "Madam, kashe! Kashe, don girman Allah!"

Ina! Maƙwabci ya riga ya ja tasa ƙofar, na gaba ya bi, layi ya ɗauka. Wani ya kwarma ihu da yaren Sango, "Ala kpe!" wato ku gudu. Kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ummuhani ta yar da kofunan. Mahaifiyarta, Inna Kubura, na can tsakiyar kasuwa tana sayar da kuka da daddawa, ga gwiwoyin da ko taku goma ba sa yi sai da sanda. Ummuhani ta fita babu mayafi, mutane na kwararowa waje ita tana kutsawa ciki. Aka bangaje ta, ta faɗi kan tumatir, ta tashi. Tana ihu babu komai, rediyo ce, amma wa zai saurare ta? Tsoro ya cika ta, duk zanen da ta hango a ƙasa sai ta ɗauka na Inna ne.

A kan kujerarta ta same ta, layin wayam. Tsohuwa ta rufe kayanta da faifai, ta gyara hijabi, ta ɗora hannu bisa gwiwa, leɓɓanta na motsi da kalmar shahada.

"Inna! Ba wanda ya ɗauke ki?"

"Haris ɗan acaɓa ya tsaya da babur, na ce ya ɗauki wata mai ciki. Na yi gudu sau ɗaya lokacin rikici har Kamaru, ya isa. Yau dai su same ni a zaune." Ta kamo hannun 'yarta. "Su wane ne kuma wannan karon?"

Ummuhani ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Ba kowa, Inna. Daga gidana ne."