Kwanon Samat

Ranar da jiragen yaƙin Japan suka kawo hari garinmu Broome, ni na kai wa Yaya Samat abincinsa bakin ruwa, shinkafa da busasshen kifi a kwano mai murfi. Yana aiki a kwale-kwalen da ke kai man fetur ga jiragen sama masu sauka kan ruwa, waɗanda suka kwaso matan ƙasar Holan da 'ya'yansu 'yan gudun yaƙi daga tsibirin Jawa. Tun bai buɗe ba ya ce gishiri ya yi yawa, ya ja mini kunne. Ban kai gida ba teku ta kama da wuta.

Ba a ga gawarsa ba. Mahaifiyarmu ta rasu ba ta sami ko maɓallin rigarsa ta binne ba. Da aka tashi rubuta sunayen matattu, nasa babu. Wai ba a tabbatar yana wurin ba.

Sai da na tsufa wasu masu nutso suka zo daga birni da tukwanen iska a baya, wai sun gano jiragen da suka nutse ranar. Jiragen da duk lokacin da ruwa ya janye sosai muke ganin haƙarƙarinsu a laka. Babbansu, wani Bature mai jan gemu da ake kira Lachlan, ya gayyaci tsofaffi rumfarsu, ya ba mu shayi mai sanyi, ya kafa mana na'urar ɗaukar magana.

Abin da suka tsamo yana cikin bahuna, an jiƙa da ruwan daɗi don gishiri ya fita. Cokula, tabarau, takalmin yaro. A baho na ƙarshe na ga murfin kwanonmu.

Mutanenmu 'yan ƙwadagon bakin ruwa ba su iya rubutu ba, don haka kowane gida yana karce alamarsa da ƙusa a kwanon aiki, kada a musanya. Tamu ƙaguwa ce mai hannu ɗaya. Ni na karce ta.

Na gaya masa. Ya yi murmushin da ake yi wa mai ruɗewar tsufa, ya ce sun fi zaton wata yarinyar Holan ce ta zana a hanya, abin tausayi.

"Yaro, yarinyar Holan ta taɓa cin kifinmu?" na ce. "Ba ni in binne."

"Goggo Rokiah, doka ta hana. Kayan tarihi ne, na kowa da kowa."

Na kowa da kowa, ban da mai shi.

Suka koma kan takalmin yaron suna ɗaukar hoto, har da mai share hawaye. Na sa hannu a bahon, na naɗe murfin a gyalena yana ɗiga, na bi ta tsakiyarsu na fita. Shekara da shekaru ba su gan mu ba, ranar ma ba su gan ni ba.

Murfin yana binne gefen mahaifiyarmu yanzu. Na sa an rubuta Samat a kan allon kabarin.