Ɗanyen Soron Hajiya Hasana

Duk unguwar Yakasai an san hannun Nata'ala magini, kuma duk Yakasai an daina kiran sa aiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano ya tafi Zariya aikin gini, ya yi shekara uku, ya dawo da abin da ba a aike shi ya samo ba: ya zama mai bin Almasihu. Bai yi wa kowa wa'azi ba, bai zagi sallar kowa ba. Ya dai daina fitowa masallaci, da aka matsa masa da tambaya kuma bai yi ƙarya ba. Zamanin Turawa ne, ba wanda ya isa ya taɓa shi. Amma wa zai tilasta wa mutum ya ba ka aikin gidansa? Shekara biyu cur yana gani ana ɗora azara a gidajen da shi ya kafa harsashinsu.

Matarsa Mero ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ran nan ta ajiye masa kunu tsararo, ta ce, "Malam, ni ban bi ka cikin wannan addini ba, ban kuma guje ka ba. Amma gero ya ƙare, zannuwana ma sun tafi kasuwa. In kakar nan ta wuce babu aiki, sai dai mu bar gidan nan mu koma Sabon Gari cikin baƙi."

Gidan kuwa kakansa ne ya gina shi, a zaurensa mahaifinsa ya koya masa murza tubali. Nata'ala ya sha kunun, amma maganar ta zauna masa a rai.

Ana haka sai ga saƙon Malam Isyaku, wani mai fataucin goro a unguwar Sheshe. Mahaifiyarsa Hasana ta tafi Makka a ƙasa shekara bakwai da suka wuce, har an fid da rai, sai ga labari wai tana hanyar dawowa. Isyaku ya rantse ba za ta kwana a tsohon ɗakinta ba, soro yake so mai bakan gizo, irin wanda in ka ɗaga kai hularka za ta faɗi. Sauran magina suka ce damina ba ta gama tafiya ba, ƙasa ba ta bushewa, a jira. Isyaku kuwa jira ba ya cikin halinsa. Shi ne aka tuna da Nata'ala.

"Zan yi," in ji Nata'ala, "amma da sharaɗi ɗaya, Malam Isyaku. Ni zan ce ya bushe. Kafin na faɗa, ba mai taɓa min gwafa."

Isyaku ya ce ai wannan ba komai ba ne.

Kai, aiki ya yi kyau! Shi bakan gizo ba a yi masa gaggawa. Ka jera azara ta leƙo daga bango, ka ɗaure, ka yaɓe da ƙasa, ka tafi ka bar ta ta sha iska, sannan ka dawo ka ƙara wata a kanta, har hannuwan biyu su haɗu a sama. Nata'ala da kansa ya zaɓi azarar, yana ƙwanƙwasa kowace yana saurare. Da aka rufe saman, ya tokare tsakiya da gwafa huɗu, don ƙasar da aka zuba tana da nauyin ruwa. Masu wucewa suna leƙowa, suna cewa tubarkalla, sai su tuna wanda ya gina su haɗiye sauran.

Cikin ma'aikatansa akwai Sabo, ɗan gwaggonsa, wato taubashinsa. Kowa ya san dokar taubasai: duk abin da ya faɗa maka, komai zafinsa, wasa ne, in ka yi fushi kai ne abin dariya. Saboda haka abin da mutanen unguwa ke faɗa a bayan ido, Sabo a gaban ido yake faɗa, da ƙarfi, yana washe baki. Kullum sai ya ce, "Bawana, yau me Ubangijin naka ya ce? Ko har yanzu yana Zariya bai samu jirgi ba?"

Nata'ala yakan yi dariya ya ce, "Kwaɓa ƙasa, malalaci." Amma gaskiya ita ce tsokanar tana taɓa wani miki. Shekara biyu yana addu'a a ɗakinsa, bai ga mafarki ba, bai ji murya ba, sai tukunya da ke ƙara zama fayau. Bangaskiyarsa ba ta rushe ba, amma shi magini ne, mutumin da ya saba ya taɓa abu da hannu kafin ya yarda. Yana so ƙwarai, ko sau ɗaya, Allah ya yi wani abu da zai nuna wa Yakasai, ya kuma nuna wa kansa.

Ranar Talata da hantsi manzo ya iso: ayarin alhazai ya kwana a Wudil, Juma'a za su shigo. Isyaku ya faɗo cikin soron babbar rigarsa na jan ƙasa.

"A fid da itatuwan nan yau, a share, a yi daɓe!"

"Saura kwana bakwai," in ji Nata'ala.

"Bakwai? Uwata ta dawo daga Ɗakin Allah ta tarar da gwafa a tsakar ɗakinta kamar rumfar mai tsire?"

Hayaniya ta jawo mutane, maƙwabta da 'yan dako suka cika ƙofa. Nan fa Sabo ya samu fili. Ya goge hannu a cinya ya ce, "Jama'a, ku tsaya, ai abin mai sauƙi ne. Bawana ya ce wanda yake bi har matattu ya tayar. To, busar da ƙasa ya fi ta da matacce wuya ne? Nata'ala, kira shi, ka ture gwafar nan da sunansa. In soro ya tsaya, wallahi ni da bakina zan zaga Yakasai in ce a ba ka aiki. In kuwa ba ka yarda da shi ba, ka faɗa mana mu huta."

Aka kwashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya ga Nata'ala bai yi ba. Ya taka a hankali ya dafa gwafar tsakiya.

Ba tsoron mutane ne ya kai hannunsa wurin ba, kwaɗayi ne. Zuciyarsa tana ce masa: ga ranar da kake roƙo ta zo. Tura ɗaya, in ya tsaya, bakin kowa ya mutu, Mero ta zauna a gidanta, kai ma ka san ba iska kake yi wa magana ba. Har ya fara haɗa addu'ar a ransa: ya Ubangiji, in kana nan, in kana ji na, riƙe wannan soro.

Sai kalmar nan ta "in" ta tsaya masa. Ya tuna wani tsoho a Zariya da ya ba su labarin yadda Shaiɗan ya hau da Almasihu ƙololuwar babban ɗakin ibada, ya ce ya diro a gani ko Allah zai tare shi, shi kuwa ya ƙi. A lokacin Nata'ala ba abin da ya tambaya sai tsawon ginin, har aka yi masa dariya. Yau ya gane. Ya kuma gane abin da ya fi wannan muni: a can ƙashin mai dirowa ne cikin haɗari, a nan kuwa ba shi zai kwana a ƙarƙashin soron ba. Tsohuwa ce, wadda ta taka ƙasa shekara bakwai don ta mutu a gida. Da kanta zai gwada Allah?

Ya saki gwafar. Ya jawo tsani ya hau har gindin baka, inda ƙasa ta fi kauri. Ya kankare ɓawon da ya bushe da farce, ya danna babban yatsa. Yatsan ya shige har rabin farce, cikin baƙi ƙirin, da sanyi. Ya sauko ya nuna wa Isyaku yatsan.

"Malam Isyaku, ɗanye ne. Allah ya riga ya ba ni ido da yatsa, ya ba ni uban da ya koya min aiki. Ba zan rufe su in ce sai ya sake yin magana ba. Shi ne Ubangijina, ba ni ne nasa ba, ba na sa shi aiki don a yi kallo. Saura kwana bakwai."

"Ya tsorata!" in ji Sabo. Isyaku kuwa ya riga ya hau dokin zuciya. Ya ce Nata'ala ya kwashe kayansa ya bar masa gida, Sabo ya ƙarasa. Sabo ya ɗan yi turus, don shi wasa ya ɗauka, bai zaci za a miƙo masa aikin ba. Amma idon jama'a na kansa. Ya ɗauki taɓarya ya buge gwafa ta farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu, ya ruga waje da gudu har yana tuntuɓe.

Aka yi tsit, ana jiran rugugi. Ƙura kaɗan ta zubo. Soro ya tsaya ƙyam.

Wayyo, ranar an yi wa Nata'ala dariya! Wani ya ce ga shi ko roƙo ba a yi ba. Shi dai ya tsaya a ƙofa ya ce, "Tsayuwar yau ba ita ce bushewa ba. Don Allah kada a kwana a ciki." Ba wanda ya saurare shi. Ya saɓa tsaninsa ya kama hanyar Yakasai.

A hanya abin ya yi masa ciwo, ba ƙarya. Da ya ture da kansa, da yanzu shi ake ɗagawa. Amma kafin ya kai gida sai ya ji dariya ta taso masa. To da ya ture ya tsaya, me zai ce? Zai ce Allah ya amsa, alhali azarar da ya ƙwanƙwasa da hannunsa ce ta riƙe. Da ya ɗora bangaskiyarsa a kan itacen giginya, gobe kuma sai ya nemi wata alamar, jibi wata. Ya shiga gida ya gaya wa Mero komai, bai rage ba. Ta tashi ta fara haɗa ƙorai cikin babban kwando, shirin ƙaura Sabon Gari.

Juma'a ayari ya shigo ta Ƙofar Ɗan Agundi, guɗa har Yakasai ana ji. Asabar da safe aka yi sallama da Nata'ala, wai Hajiya na kira.

Ya tarar da ita a tsakar gida ƙarƙashin rumfar zana, 'yar tsohuwa busasshiya, ƙafafunta duk faso. Isyaku na tsugune gefe kamar an kama shi da satar nama. Ashe tun jiya da aka kai ta ƙofar soron ta dafa bango, ta shaƙi warin ƙasa, ta ja da baya. Ta kwana a ɗakunan ƙasa fiye da yadda za ta iya tunawa, ta san sanyin ɗanyen gini. Ta tambayi yadda aka yi, mata suka kwashe labari suka ba ta.

Nata'ala ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata barka da sauka.

"Kai ne jikan maginin nan na Yakasai?" in ji ta. "An ce ka bar addininmu. Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye maka ba, kuma zan yi ta roƙa maka shiriya. Amma an ce an ba ka kaina ka yi caca da shi, ka ƙi, har ka rasa aikinka. A hanyarmu akwai wani da ya zubar da ruwan shan da ke salkarsa a tsakiyar daji, wai yana so mu ga yadda Allah ke ciyar da bawansa. Mu muka binne shi. Tashi ka duba min ɗakin nan."

Ya hau tsani ya danna yatsa. Ya leƙa ko'ina, babu tsaga, babu lotsawa, amma sanyin na nan.

"Saura kwana uku, Hajiya. Kuma a mayar da gwafa."

"Na yi shekara bakwai a hanya, kwana uku ne zai gagare ni? Isyaku, ka ji. Zauren can ma da na bari yana zuba har yau yana zuba. Maginin nan zai gyara, kuma duk mai tambaya ka ce ni na ce."

Isyaku ya ce to, kansa a ƙasa. Wanda ya ɗauko gwafa ta farko kuwa Sabo ne, ba tare da an sa shi ba. Yana tokarawa yana magana ƙasa-ƙasa: "Bawana, kwana huɗu ban runtsa ba. Ko ƙadangare ya motsa sai in ce soron ne." Nata'ala ya ce, "Riƙe da kyau, malalaci, ta karkace."

Da azahar ya koma gida jikinsa duk ƙasa. Mero ta dubi ƙasar, ta dubi kwandon da ta ɗaure, ta fara kwance igiyar. Can ta ɗago.

"To, Malam, yanzu sai ka ce Ubangijin naka ya ba ka shaidar da kake nema?"

Nata'ala ya zuba ruwa yana wanke yatsansa.

"Ban tambaye shi ba, Mero," ya ce. "Kuma ko da kwandon nan muka fita da shi yau, Ubangijin nan zan bi."