Ƙanƙarar Firigon Magagi

A shekarar da fari ya cinye shanun ƙasar Kurfai, Magagi ɗan kasuwa ne kaɗai mai firigo, na'urar sanyaya ruwa, a unguwarsu a Filinge. In ƙanƙara ta fara toshe shi, ƙanwarsa Dijatu, wadda yunwa ta koro daga ƙauye, ita ke kankare ta da cokali tana tarawa a kwano.

Ran nan zazzaɓi ya kama ɗiyarta Haske.

"Yaya, bar mini wagga ƙanƙara in shafa mata. Jikinta kamar wuta."

Magagi ya fizge kwanon, ya juye wa ragonsa.

"Kin cinye tuwona, yanzu kuma sanyina kike so?"

Haske ta rasu kafin la'asar. Wurin zaman makoki Magagi ya sa Dijatu ta raba wa manyan baƙi ruwan sanyi, suna sha suna sa masa albarka.